Babi na Bakwai: Man Shafawa Biyu da Ranar Dainawa

Cutar fata ba ta cika kai manomin kudancin Katsina asibiti ba. Daga Funtuwa zuwa Bakori, daga Ƙafur zuwa Malumfashi, idan mutum ya ga tabo mai kauri ya fito masa a gwiwa ko a gwiwar hannu, yana ƙaiƙayi yana zubar da farin ɓawo, wurin mai kemis yake nufa ranar kasuwa. A nan za a duba a ce makero ne ko kirci, a miƙo masa kirim ɗin nan da ake cewa yana maganin cuta uku a lokaci guda. Ya shafa na 'yan kwanaki, ƙaiƙayi ya lafa, ɓawon ya zube, ya sa wa mai kemis albarka. Bayan wata guda tabon ya dawo har ya ƙara faɗi, sai ya koma ya sayi wani, a haka shekara take zagayowa wata ta bi bayanta. Wasu daga cikin masu wannan zarya, cutar da likitoci suke kira soriyasis ce take damunsu, kuma abin da yake kwantar musu da ita a cikin kirim ɗin shi ne sinadarin sitiroid. Hujjar da wannan babi zai kafa ita ce, sitiroid na shafawa magani ne na gaske ga wannan cuta, amma rabin magani ne. Cikonsa abu biyu ne da ba a cika samu a kantar kemis ba: man bitamin D da ake haɗa su tare, da ranar dainawa wadda aka yanke tun kafin a fara. Inda aka rasa waɗannan biyun, maganin da aka saya don gyaran fata shi ne yake lalata ta.

Fatar ɗan Adam kullum cikin sabunta kanta take. Ƙwayoyin halitta suna tsirowa daga ƙasan fata, su taso sannu a hankali, su mutu su zube ba tare da an lura ba, kuma wannan tafiya tana cin kusan mako huɗu. Ga mai soriyasis, garkuwar jiki ce take rikicewa ta tayar da kumburi a inda babu wata ƙwayar cuta, sai ƙwayoyin fatar su riƙa yin tafiyar cikin kwana uku zuwa bakwai, su iso sama ba su ƙosa ba, su taru su yi tudu. Shi ne tabon nan mai kauri mai iyaka a fili, wanda ya fi son gwiwoyi da ƙugu da fatar kai, yakan kuma fito dama da hagu daidai wa daida. Littattafan koyon likitanci na Turai suna nuna shi ja wur, amma a baƙar fata ya fi zuwa da launin toka, ko ruwan ƙasa mai duhu, ko shunayya, shi ya sa ma'aikacin lafiyar da hoton littafi kaɗai ya sani yake wuce shi bai gane ba. A kai ana ɗaukarsa amosani, a tafin ƙafa a ce faso ne, a farce kuwa yakan bar ƙananan ramuka. Ba a ɗaukarsa ta musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko zaman aure. Akwai gado a cikinsa, akwai kuma abubuwan da suke tayar da shi, kamar ciwon maƙogwaro, damuwa, shan taba, giya, ƙiba, bushewar hunturu, da wasu magunguna irin su kulorokwin.

Rashin gane shi yana da tsada ta fuska biyu. Ta farko ita ce tsangwama, domin a ƙasar Hausa duk tabon da ya daɗe a jiki yana jawo raɗe-raɗin kuturta, ya ɓata maganar aure, ya hana mutum shiga sahu da sakin jiki. Wannan ruɗani tsoho ne. Ko Robert Willan, likitan Ingila da ya siffanta cutar dalla-dalla a 1808, da sunan kuturta ya kira wani nau'inta, sai a 1841 Ferdinand von Hebra na birnin Biyana ya raba su sarai. Bambancin kuwa ba ya buƙatar na'ura: tabon kuturta yakan yi haske fiye da sauran fata, ba ya ƙaiƙayi, kuma idan aka shafa shi da zaren auduga mutum ba ya ji, shi kuwa tabon soriyasis yana ji sarai. Mai shakka yana da cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya, inda aka san kuturta ciki da bai. Tsada ta biyu ta fi shafar manomi. A shekarun 1870 likitan Jamus Heinrich Köbner ya lura cewa duk inda fatar mai soriyasis ta ji rauni, sabon tabo yana iya tsirowa a kan raunin. Wanda yake wuni a cikin masara ganyenta yana yankarsa, ko yake cirar auduga ƙwansonta yana karce masa hannu, ko ƙotar fartanya take goge masa tafi, yana cikin wannan haɗari kowace rana. Haka wanda ya je wa wanzami a yi masa tsaga ko ƙaho a kan tabon don a fitar da mataccen jini, da wanda yake dirje ɓawon da dutse wurin wanka: da hannunsu suke buɗe wa cutar sabon fili.

Sitiroid na shafawa ya shigo aikin likita a 1952, lokacin da Marion Sulzberger da Victor Witten suka nuna a birnin New York cewa man haidirokotizon yana kwantar da kumburin fata. Daga nan aka yi ta ƙirƙiro masu ƙarfi, har aka kasa su mataki-mataki. Haidirokotizon shi ne mai sauƙi, betametason mai ƙarfi, kulobetasol kuma mai tsananin ƙarfi, wanda ya ninka na farkon sau ɗaruruwa. Wanda ya karanta jikin kwalin Funbact-A zai ga betametason tare da maganin makero da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kwalin Skineal kuma zai ga kulobetasol. Mai soriyasis ba ya buƙatar sauran sinadaran biyu ko kaɗan, sitiroid ɗin kawai yake yi masa aiki, ta hanyar danne garkuwar jiki a wurin da tsuke ƙananan jijiyoyin jini. Saurin aikinsa shi ne yake rufe wa mutane ido daga abin da yake yi a hankali. Idan aka jima ana shafawa, fata tana sirancewa har jijiyoyi su bayyana, nanƙarwa ta fito wadda ba ta gogewa, launin wurin ya koɗe, ƙuraje su feso, makero na gaske ya ɓuya a ƙarƙashinsa yana yaɗuwa. Idan wurin da ake shafawa yana da faɗi, ko jikin yaro ne, maganin yana ratsawa cikin jini ya kumbura fuska, ya tayar da sukari da hawan jini. Ranar da aka daina shi kwatsam bayan watanni, cutar takan dawo fiye da yadda take da farko. Wannan koɗewar launi ita ce ta mayar da irin waɗannan mayuka kayan bilicin, matsalar da hukumar NAFDAC ta ayyana a matsayin lamarin gaggawa na lafiyar ƙasa a 2023.

Rabi na biyu na maganin an same shi ne ta hanyar lura. A 1985 wasu likitoci a birnin Osaka na Japan suka ba da rahoton wani majiyyaci da suke ba wa wani nau'in bitamin D saboda raunin ƙashi, sai suka ga soriyasis ɗinsa yana bajewa. Bincike ya nuna cewa ƙwayoyin fata suna da wurin karɓar wannan sinadari, kuma idan ya shige su yana rage musu gaggawar hayayyafa, ya sa su ƙosa kafin su iso sama. Matsalar ita ce bitamin D mai ƙarfi yana tara sinadarin kalsiyam a jini. Kamfanin LEO Pharma na ƙasar Denmak ya ƙera kalsifotiriyol, wanda yake aiki a fata daidai da na asali amma tasirinsa a kan kalsiyam ya ragu fiye da sau 100, ya fito da shi kasuwa a farkon shekarun 1990. A 2001 ya haɗa shi da betametason a man shafawa guda, wanda ake sayarwa da sunan Daivobet ko Dovobet. Wani gwaji da aka buga a 2002 a kan majiyyata 1,603 ya auna abin da mako huɗu na shafawa sau ɗaya a rana yake yi. Haɗin biyun ya rage tsananin cutar da kusan kashi 71 cikin 100, betametason shi kaɗai kashi 57, kalsifotiriyol shi kaɗai kashi 46, man da babu magani a ciki kuma kashi 23. Dalilin fifikon a bayyane yake: ɗaya yana kashe kumburi, ɗaya yana gyara girman ƙwayoyin fata, kuma sitiroid yana rage raɗaɗin da kalsifotiriyol yakan jawo. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, kalsifotiriyol ba ya sirantar da fata, saboda haka yana iya riƙe wurin a makonnin da aka ajiye sitiroid.

Amfanin haɗin yana rataye ne a kan awo da lokaci, kuma manomin wannan yanki ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Ya san takin yuriya yana sa masara ta yi kore shar cikin kwanaki, ya kuma san cewa da murfin kwalba ake auna shi, a lokacinsa ake zuba shi, idan aka wuce kima ya ƙone shukar. Ma'aunin man shafawa shi ne gaɓar ƙarshe ta yatsan manuni: abin da aka matso daga wannan gaɓa zuwa kan yatsa kusan rabin giram ne, kuma ya isa ya rufe fata mai faɗin tafin hannu biyu. Ana shafa haɗin sau ɗaya a rana, a kan tabon kaɗai, har mako huɗu, ba a wuce giram 15 a rana, ba a kuma rufe fiye da kashi 30 cikin 100 na jiki. Wanda ba ya riƙe da kalanda, ya ƙirga Juma'a huɗu ya koma a duba shi. Bayan sallar isha'i ya fi dacewa, domin alwala da gumin gona ba za su wanke shi ba sai da asuba. Ba a kai shi fuska, ko hammata, ko matse-matsi, inda fata take da laushi. Waɗannan wurare suna da nasu sitiroid mai sauƙi na mako ɗaya ko biyu. Idan a rabe aka samo sitiroid da kalsifotiriyol, ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2012 ita ce ɗaya da safe ɗaya da dare, kada sitiroid mai ƙarfi ya wuce mako takwas a jere, mai tsananin ƙarfi kada ya wuce huɗu, a kuma ba fata hutun mako huɗu kafin a sake. Kada a cakuɗa su a tafin hannu, domin kalsifotiriyol yana lalacewa idan ya haɗu da abu mai tsami. Man kaɗe ko basilin a kan sauran jiki, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana rage ɓawo da tsagewa. Maganin kuma a ajiye shi a wuri mafi sanyi a ɗaki, domin an tsara shi ne ya zauna ƙasa da digiri 25, zafin bazara kuwa ya wuce haka nesa.

Mai karatu zai iya cewa, mutumin da yake wuni a rana tun daga sharar gona har girbi, wane bitamin D kuma ya rage masa? Tambaya ce mai ma'ana, domin hasken rana ne yake sa fata ta samar da wannan bitamin, kuma gaskiya ne rana tana sassauta soriyasis ga mutane da yawa, har asibitoci suna da fitilu na musamman da suke kwaikwayonta. Amma man kalsifotiriyol ba don cike giɓin abinci ake shafa shi ba. Abin da rana take samarwa sai ya bi ta hanta da ƙoda kafin ya zama mai aiki, kuma jiki yana taƙaita yawansa da kansa, shi kuwa man yana kai sinadari mai aiki kai tsaye cikin tabon, da yawan da jini ba zai taɓa kaiwa can ba. Saboda haka mai isasshen bitamin D a jininsa yana amfana da shi, wanda kuma ya sayi ƙwayar bitamin D ya haɗiya da nufin ta maye gurbin man, ya kashe kuɗinsa a kan abin da bai nema ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, shi ne na kuɗi. Man da aka haɗa daga waje ake shigo da shi, yana da tsada, kuma neman sa yakan kai mutum manyan kantunan magani na Zariya ko Kano ko Kaduna, alhali kirim mai aiki uku yana nan a kowace kasuwar ƙauye. Wannan gaskiya ne, kuma wanda bai saka amfanin gonarsa a buhu ba tukuna ba za a ce masa ya zaɓi mai tsada a wuce wurin ba. Amma a yi lissafin da kyau. Mai tabo biyu ko uku da ba su wuce faɗin tafin hannu biyu ba, rabin giram yake buƙata a rana, wato giram 14 a mako huɗu, ƙasa da rabin kwali mai giram 30. Abin da ya kamata a kwatanta da wannan shi ne kuɗin kirim na shekara da shekaru, da fatar da ba za ta koma yadda take ba. Idan ma kalsifotiriyol ya gagara, ƙa'idar ba ta rushe ba: a yi amfani da sitiroid tsantsa wanda ba a cakuɗa da wasu magunguna ba, a yanke masa rana, a cike hutun da man kwalta na asibiti ko man salisilik mai zubar da ɓawo, waɗanda suke da araha kuma sun daɗe ana aiki da su. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kalsifotiriyol a jerin muhimman magungunan da take ba ƙasashe shawarar su tanada. Tsadarsa a ƙauye hujja ce a kan masu sayen magani na gwamnati, ba dalilin yin shiru a kansa ba.

Akwai kuma masu cewa, tunda cutar tana dawowa, maganin asibiti danne ta kawai yake yi. Wasu kuma, da suka ga ɓarnar sitiroid, sai suka ce a guje shi ɗungurungum. Ga na farko, amsa ita ce soriyasis cutar zama ce kamar hawan jini, ana sarrafa ta ne, tana lafawa tana tashi, kuma duk wanda ya yi alkawarin tumɓuke ta daga saiwa, da kwalba ko da ƙulli, ya faɗi abin da ba shi da iko a kai. Dawowarta ma ana iya jinkirta ta: wani gwaji na mako 52 da aka buga a 2021 ya nuna cewa shafa haɗin sitiroid da kalsifotiriyol sau biyu a mako a wuraren da suka warke yana tsawaita lokacin lafiya. Duhu ko hasken da yake saura bayan tabon ya baje shi ma ba cutar ba ce, sawunta ne da yake gogewa cikin watanni, kuma ci gaba da shafa masa sitiroid kuskure ne da ya yawaita ga masu baƙar fata. Ga na biyu kuwa, alƙaluman 2002 sun isa amsa. Wanda ya bar sitiroid saboda tsoro ya zauna da ƙaiƙayi da susa, susa kuma rauni ce da take haifar da sabon tabo.

Man shafawa yana da iyakarsa, kuma sanin iyakar yana cikin magani. Idan tabon ya wuce faɗin tafin hannu goma, ko jiki ya yi ja gaba ɗaya yana saɓa, ko ƙuraje masu ruwan mugunya suka feso tare da zazzaɓi, lamarin ya zama na gaggawa. Idan gaɓoɓi suna sandarewa da safe, ko yatsa guda ya kumbura gaba ɗayansa, wataƙila cutar ta shiga gaɓoɓi, abin da yake samun kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na masu ita, kuma jinkiri a nan yana barin nakasa. Wanda ta taso masa farat ɗaya da tsanani ya dace ya yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki. Mai juna biyu da ƙaramin yaro ba sa fara wannan haɗi sai da izinin likita. Mafi haɗari duka shi ne allurar deksametason ko ƙwayar firedinisolon da ake ba mai ƙaiƙayi a kemis, domin suna share fata cikin kwanaki, amma idan suka sake ta cutar tana iya dawowa a nau'in da yake kai mutum gadon asibiti. Irin waɗannan majiyyata sai babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ya tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ko na Aminu Kano, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, inda ake ba da magunguna irin su metotireksat tare da gwajin jini.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne cewa cutar ba ta da yawa a cikinmu, ga zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna kisa. Gaskiya ne Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da soriyasis ya fi ƙaranci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 ya nuna yawanta yana kamawa daga kashi 0.09 zuwa sama da kashi 11 cikin 100 gwargwadon ƙasa. Amma kirim ɗin da ake ɓata fatar mai soriyasis da shi, shi ne ake shafa wa jariri mai ƙurajen zafi da ɗan makaranta mai makero, don haka gyaran ɗabi'a guda zai amfani dubbai da ba su da cutar. Wannan yanki ya taɓa nuna cewa ana iya bin cututtukan ƙauye gida-gida, lokacin da masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka yi aikin binciken Malumfashi a shekarun 1970 a kan tsargiya, zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Abin da fata take buƙata bai kai wannan wahala ba. A koya wa ma'aikatan asibitocin matakin farko siffar cutar da hotunan baƙar fata. A tuna wa masu kemis cewa lasisinsu bai ba su damar sayar da sitiroid mai ƙarfi ba tare da takardar likita ba, kuma wanda ya dawo sayen kirim iri ɗaya karo na biyu asibiti ya kamata a nuna masa. Hukumomin lafiya na jihar Katsina su sa kalsifotiriyol a kantin maganin manyan asibitoci. Shi kuma majiyyaci, kafin ya karɓi kowane man shafawa daga hannun kowa, haƙƙinsa ne ya ji amsar tambaya uku: mene ne sunan cutar, wane sinadari ne a ciki, kuma wace rana zai daina.